Wata huɗu da littafin kod: yadda na shirya wa jarrabawar permin babbar mota a Damagaram

Shekara tara na yi ina yaron mota a kan wata tsohuwar Mercedes mai taya goma, muna zirga-zirga tsakanin Damagaram da Agadas, wani lokaci kuma Diffa ko Maraɗi, kafin maigidana ya kira ni wata ranar Alhamis, bayan mun sauke siminti kusa da kasuwar Dole, ya ce mini Alhajin da ke da motar yana shirin sayen ta biyu, kuma ba zai miƙa makullinta ga wanda ba shi da permin C, wato lasisin tuƙin babbar mota, ba, komai daɗewarsa a hanya. Ya ce, "Ɗana, tuƙi kam ka iya, ni shaida ne. Sai dai ka je ka nemo takardar, don jandarma ba ya tambayar shekara nawa ka yi a ƙarƙashin mota." Na amsa masa da cewa, "To, Baba, in sha Allahu," alhali a zuciyata ina ganin abin ba zai wuce mako biyu ba. Ina da permin B na ƙananan motoci tun shekara biyar da suka wuce, wanda na samu da haddar da ta gudu daga kaina kafin mako ya zagayo, saboda haka na ɗauka wannan karon ma haka za a yi.

Tattara takardu bai ba ni wahala ba. Makarantar koyon tuƙi da na shiga, wadda duk muke kira oto-ekol, ta nemi takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da hotuna da kwafin permina na B, sannan takardar likita, inda aka gwada idona da allon haruffa aka auna jinina. Cikin kwana goma na gama wannan duka na biya rabin kuɗin makaranta.

Wahalar ta fara ne ranar da na zauna a aji. Ɗaki ne ƙarami mai benci biyar, an manna hotunan alamun hanya a bango har sun koɗe, ga ƙaramin allo da talabijin da ake nuna hotunan tambayoyi. Mu goma sha ɗaya ne, akasarinmu yaran mota da masu kabu-kabu, sai wani ɗan kasuwa guda. Malamin, wanda wasu ke kira monitar, ni kuwa Malam nake ce masa, ya fara da gwaji don ya san matsayin kowa: tambaya arba'in, kowace da hotonta da amsoshi biyu zuwa huɗu, mutum ya zaɓi wadda ta dace, wani lokaci ma amsar daidai ta fi ɗaya. Na ci goma sha bakwai. Ɗan kasuwar nan, wanda bai taɓa sauya tayar babbar mota ba, kuma na tabbata bai san inda ake zuba ruwan batir ba, ya ci talatin da ɗaya. Na koma gida a Garin Malam raina a ɓace, ina cewa a zuci wannan jarrabawa ta ƴan boko ce, an shirya ta ne don a hana masu aikin gaske. Na ɗauki kusan wata guda kafin in yarda cewa rabin wannan zargi ne kawai gaskiya.

Rabin da yake gaskiya shi ne harshe. Tambayoyin da Faransanci suke, ni kuwa a aji na biyu na kwaleji na bar makaranta, kuma Faransancin da ya rage mini na tasha ne da shingen duwan, wanda ake yi da baki da hannu. Littafin kod, wato na dokokin hanya, da muke amfani da shi, wanda na ba da jika biyu aka yi mini kwafinsa, a Faransa aka buga asalinsa, har da shafuka a kan tuƙi cikin ƙanƙara da sarƙar da ake ɗaura wa taya, abin da Malam ya ce mu tsallake, ko da yake wani daga cikinmu ya ce sarƙar za ta yi amfani a rairayin bayan Tanut. Ƙanwata, wadda ke karatu a Jami'ar André Salifou, ita ce ta gano inda ciwon yake. Ta ɗauki takardun gwajina ta duba kurakuraina ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Yaya, ai ba hanya ce ba ka sani ba. Kalma biyu ce ke kayar da kai." Kalmomin su ne "je peux" da "je dois". Ta farko tana nufin an yarje mini in yi abu in na ga dama, ta biyu kuwa tana nufin wajibi ne a kaina. Hoto ɗaya ne, mota ɗaya ce, hanya ɗaya ce, amma in aka sauya wannan kalma amsar ta juya gaba ɗaya. Ni kuwa idona yana kan hoton, ina lissafin abin da zan yi da a ce ina kan sitiyari, ban damu da ƙananan kalmomin da ke ƙarƙashinsa ba.

Daga wannan dare muka buɗe wani littafin rubutu, muka raba kowane shafi biyu, Faransanci a hagu, Hausa a dama, kuma Hausar ba ta ƙamus ba ce, tawa ce ta tasha. "Croisement" shi ne gamuwa da motar da ke tahowa ta gabanka, "dépassement" shi ne shan gaban wadda kuke tafiya wuri ɗaya. "Arrêt" tsayawa ce ta ɗan lokaci don saukewa ko ɗauka, direba yana kan sitiyari ko dab da motar, "stationnement" kuwa ajiye mota ne a tafi a bar ta, kuma akwai wuraren da aka yarda da na farko aka hana na biyu. Ban taɓa sanin doka ta bambanta su ba, domin a wurinmu duk fakin ne. Kafin wata huɗu su cika, littafin nan ya kai kalma ɗari da wani abu, kuma har yau yana cikin akwatin kabin.

Rabin zargina da ba gaskiya ba ne shi ya fi mini zafi, saboda ya nuna mini cewa wasu abubuwan da hanya ta koya mini a shekara tara kuskure ne, ba a takarda kaɗai ba. Babban misali shi ne dokar mahaɗar hanya. A tasha an rene mu a kan cewa babba ke da hanya: in titan, wato babbar mota mai jan tirela, ta taho, ƙaramar mota da babur da amalanken shanu su san inda dare ya yi musu. A kod kuwa girman mota ba ya ba ta haƙƙin komai. In hanyoyi biyu suka haɗu babu alama, babu fitila, babu ɗan sanda, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, ko da keke yake tuƙawa. Malam ya zana mahaɗa a allo ya sa motoci uku, ya kira ni in faɗi wadda za ta fara wucewa, na nuna babbar ba tare da na yi tunani ba, ajin ya fashe da dariya, har da waɗanda da su aka tambaya amsar da za su bayar ke nan. Ya ce, "Malam direba, wannan amsar taka ita ce ke cika asibiti." Daga nan ya koya mana jerin fifiko, wanda na ga ya warware tambayoyi da yawa a lokaci guda: umarnin ɗan sanda da ke tsaye yana gaba da fitila, fitila tana gaba da alamar da aka kafa, alama kuma tana gaba da dokar dama. A shataletalen da aka kafa wa alamar ba da hanya a bakin shiga, waɗanda ke ciki su ke da hanya, mai shigowa ya jira.

Alamun hanya ban sha wuya da su sosai ba da zarar na daina haddace su ɗaya-ɗaya na koma kallon siffa da launi. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne na haɗari a gaba, da'ira mai jan baki hani ce, da'ira shuɗiya umarni ne, mai kusurwa huɗu shuɗiya kuwa sanarwa ce kawai. Inda tarko yake shi ne lamba: 30 a cikin da'ira mai jan baki tana nufin kada ka wuce 30, amma 30 a cikin da'ira shuɗiya tana nufin kada ka yi ƙasa da 30. Sai alamun da suka shafe mu kai tsaye, waɗanda mai ƙaramar mota zai iya wucewa bai kalla ba: ta tsayi, mai ƙananan kusurwoyi sama da ƙasan lambar, ta faɗi, mai su a dama da hagu, ta nauyin mota, ta nauyin da ke kan gatari guda, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin dama da na hagu, da wadda aka zana babbar mota ja kusa da ƙarama baƙa, wato an hana manyan motocin kaya shan gaba. Na riƙa yi wa kaina gwaji a hanya. Duk tafiyar da muka yi zuwa Takeita ko Mirya, in na hango alama daga nesa sai in faɗi sunanta da ma'anarta da ƙarfi kafin mu iso, har maigidana ya ce na zame masa rediyo.

Abin da ya fi cin lokacina, kuma shi ne ainihin abin da ya raba permin C da na B, shi ne babin nauyi. Permin C na motar kaya ne wadda nauyinta da aka amince da shi, ita da kayanta, ya haura kilo 3,500. D na ɗaukar fasinja ne, E kuma na jan tirela mai nauyin da ya wuce kilo 750. A gefen kowace babbar mota akwai ƙaramin allo da aka rubuta wasu haruffa, wanda na wanke shi da hannuna sau ɗaruruwa ban taɓa tambayar ma'anarsa ba. PV shi ne nauyin motar babu kaya, PTAC shi ne iyakar nauyinta da kaya, PTRA kuma iyakar nauyin kai da tirela a haɗe. Abin da aka yarda ka ɗora, wanda ake kira CU, shi ne abin da ya rage in ka cire PV daga PTAC. Lissafi ne na ɗan firamare, amma ranar da na yi shi a kan motarmu sai da na ajiye biro na yi shiru. PTAC ɗinta tan 26 ne, nauyinta babu kaya tan 11, ke nan kayan da doka ta yarda ta ɗauka tan 15 ne: buhu 300 na siminti, ko buhu 150 na wake mai kilo ɗari-ɗari. Mu kuwa buhu 250 na wake muke ɗora mata ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, ma'auninmu kuma shi ne a tsuguna a leƙa sifirin, in bai miƙe sarai ba a ce a ƙara goma.

Waɗannan lambobi ba Malam ya ƙirƙiro su ba. Suna cikin doka mai lamba 14 ta UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, wadda aka amince da ita a 2005 don ƙasashen ƙungiyar su daidaita girma da nauyin manyan motoci, kuma ita ake aiki da ita a ma'aunin nauyi na kan hanya. Iyakar nauyin da ta yarda da shi: gatarin gaba tan 6, gatarin baya guda mai tagwayen taya tan 12. Mota mai gatari biyu tan 18, mai uku tan 26, titan mai gatari shida kuwa tan 51. Faɗi mita 2.55, tsayi sama mita 4, tsawon mota guda mita 12, kai da tirela mita 16.5. Na rubuta su a kwalin shayi na manna a saman gilashin kabin, ina bitarsu kamar yadda almajiri ke bitar allonsa, amma ba su zauna ba sai da na gane yadda aka gina su: 26 ba wani abu ba ne illa 6 na gaba da 20 na tagwayen gatarin baya, 51 kuwa 6 ne da 20 da 25 na gatari uku na tirela. Da na fahimci haka sai hadda ta ragu da rabi. Malam ya ƙara mana da wani bayani da ban manta ba, cewa ɓarnar da gatari ke yi wa kwalta ba ta tafiya daidai da nauyinsa, in ka ninka nauyin sau biyu ɓarnar tana kusan ninkuwa sau goma sha shida. Na tuna ramukan da muke zagi a hanyar Tanut, waɗanda kullum muke ɗora laifinsu a kan masu gyaran hanya, na ga ashe da hannunmu a ciki.

Na kai wa maigidana wannan lissafi ina zumuɗi, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Yanzu je ka gaya wa Alhaji ya biya gazuwal na Agadas, zuwa da dawowa, da kuɗin buhu ɗari da hamsin." Ban sami amsa ba, kuma ba na jin littafin kod yana da ita. Tafiyar ta kai kilomita 450 kowane zuwa, kuɗin dako kuwa a kan buhu ake biya, saboda haka duk wanda ya tsaya a kan tan 15 shi kaɗai a tasha, yunwa ce za ta kore shi. Abin da na yanke wa kaina a lokacin shi ne in san lambar gaskiya tukuna, domin wanda ya san ya wuce iyaka da tan goma ba zai tuƙa motar kamar wanda yake zaton daidai yake ba.

Wannan ya kai ni babin birki, inda a karon farko na ji shekaruna tara sun yi mini rana. Da Malam ya fara bayanin birkin iska, cewa kwamfaresa ke cika tankuna har wajen bar 8 a ma'aunin ƙarfin iska, cewa dole a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasan tankunan, cewa in iska ta yi ƙasa ƙararrawa za ta yi kuka, in ta ƙare kuma sifirin da ke cikin tukwanen baya zai danne birkin da kansa motar ta kafe, duk abubuwa ne da hannuna ya sani, sunayensu kawai nake ɗauka. A nan ɗan kasuwar ne ya koma yana tambayata, har wata rana na kai shi tasha na kwantar da shi ƙarƙashin mota na nuna masa zoben da ake ja a zubar da ruwan. Amma ko a nan sai da na ci gyara. Akwai ɗabi'ar da direbobi da yawa ke yi, ta fitar da mota daga giya, wadda mu a nan muke kira bitas, in an zo gangara, don a tsimi gazuwal. Kod ya hana, kuma dalilin a fili yake da zarar an faɗa maka: inji ba ya riƙe motar, nauyin duka ya koma kan birki, birkin ya yi zafi ya daina kamawa, kuma injin da ke juyawa a hankali ba ya mayar da iskar da kake ƙonawa duk lokacin da ka taka. Amsar da ake so ita ce a shiga gangara da ƙaramin bitas, a yi aiki da birkin inji, a bar na ƙafa don taimako.

Sai lissafin tazarar tsayawa, wanda da farko na raina shi. Mutum lafiyayye yana ɗaukar kimanin daƙiƙa guda tsakanin ganin haɗari da taka birki, kuma a cikin wannan daƙiƙa motar tana tafiya da cikakken gudunta. Dabarar da ake koyarwa ita ce a ɗauki lambar farko ta gudun a ninka sau uku: a gudun 60 kusan mita 18, a gudun 80 kusan mita 24, duk kafin birki ya fara aiki. Bayan haka in gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke bukata ninkuwa take sau huɗu. Ƙanwata ta sa na auna mita 24 da taku a ƙofar gidanmu, na tarar ya kai daga zaurenmu har bakin masallacin unguwa, kuma tun daga ranar ba na iya ganin yaro yana koran awaki a gefen kwalta ban tuna wannan tazara ba. A babin ne kuma aka yi maganar gajiya da barci, da shawarar hutawa bayan kowace awa biyu, da haɗarin ƙwayoyin da wasu ke sha don su kwana suna tuƙi. Babu wanda ya ce uffan a ajin da aka zo nan, don kowa ya san wani.

Lokacin karatu shi ne abin da na fi fama da shi, tun da ban daina aiki ba. Ajin yana zama ne da yamma bayan la'asar, sau uku a mako, ni kuwa tafiyar Agadas takan cinye mini kwana biyar ko shida. Na roƙi maigidana ya bar ni a gajerun tafiye-tafiye na Matamai da Magarya na wata biyu, ya yarda, ya ɗauki wani yaro na wucin gadi don dogayen. Sauran karatun a wurin jiran lodi na yi shi, inda mota kan kwana biyu ba ta motsa ba. Ƙanwata ta karanta mini tambayoyi a waya da muryarta, tana barin ɗan shiru bayan kowace tambaya kafin ta faɗi amsa, ni kuma ina saurare a ƙarƙashin inuwar mota. Bayan sallar asuba ne kaina ya fi ɗauka. Abokan aiki sun yi ta zolayata suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma akwai waɗanda suka ba ni shawarar in nemi gajeriyar hanya in huta da wannan wahala. Ban bi ta ba, ba don na fi su tsoron Allah ba, sai don na riga na yi irin wannan karatun na sama-sama a permin B na ga abin da ya bar mini.

Malam yana da ƙa'idarsa: ba ya miƙa sunan kowa ga jarrabawa sai ya yi gwaji uku a jere bai yi kuskure fiye da biyar a cikin arba'in ba. Daga 17 na hau 24, na daɗe ina yawo tsakanin 28 da 31 har na fara fid da rai, sannan ƙanwata ta sake duba takardun ta ce yanzu gaggawa ce matsalata, ina amsawa kafin in duba madubin da ke cikin hoton. Gaskiyarta ne. Sau da yawa amsar tana ɓoye a madubin, inda wani babur ya riga ya fara shan gabanka, ko a layin da ke tsakiyar hanya, inda aka haɗa mai yanke-yanke da miƙaƙƙe kuma wanda ya fi kusa da kai shi ke hukunci a kanka. Na ɗora wa kaina doka: in karanta tambaya sau biyu, in dubi gaba, in dubi madubi, in dubi ƙasa, sannan in taɓa biro. A mako na goma sha biyar na ci 36, sai 35, sai 37.

Makon ƙarshe na ba da shi ga ƙananan babuka da na yi ta ɗagawa: takardun da dole su kasance a mota, wato permi da kart giriz (takardar rajistar mota) da asirans (inshora) da takardar bizit teknik (ta binciken lafiyar mota), kayan da ba a tafiya babu su, kamar abin kashe gobara da akwatin magani da alamar nan mai kusurwa uku da ake kafawa aƙalla mita 30 daga motar da ta lalace, fitilun da suka dace a cikin hazo, wato na ƙasa, don na sama ƙurar ce ke mayar maka da haskensu a ido, da abin da ake yi in an tarar da haɗari, a tsare wurin tukuna, a kira taimako a lamba 17 ko 18, sannan a taimaki waɗanda suka ji rauni ba tare da an ja su ko an ba su ruwa ba.

Ranar jarrabawa na isa tun kafin ƙarfe bakwai da katin ɗan ƙasa da biro biyu. Aka kira sunaye aka zaunar da mu nesa da juna. Tambayoyin farko na alamu ne, suka wuce lafiya. Can tsakiya sai ga wadda ta ba da PTAC da PV ta nemi nauyin kayan da za a iya ɗorawa, na ji kamar an tambaye ni sunan unguwarmu. Akwai guda biyu da na yi shakka a kansu, ɗaya a kan fitilu, ɗaya kuma mai "je peux" wadda na kusa amsawa a matsayin "je dois" kafin in sake karantawa. Da aka fito da sakamako sunana yana cikin waɗanda suka ci, haka ma na ɗan kasuwar, wanda ya rungume ni ya ce tambayar birki da ta zo albarkacin kwanciyar da ya yi a ƙarƙashin motarmu ya amsa ta. Uku daga ajinmu sai da suka sake zama. Gwajin tuƙi, da ja da baya tsakanin sanduna, ya zo bayan mako biyu, kuma shi ban rasa barci a kansa ba.

Kafin sabuwar motar Alhaji ta iso, na sake yin tafiya ɗaya ta Agadas da maigidana. Mun wuce Bakin Birji da matatar mai, muna gab da Tanut da magariba, tayar baya ta ciki ta fashe. Da muka gangara gefe, na buɗe akwati na ɗauko alamar mai kusurwa uku, wadda ta shekara tana kwance cikin ledarta, na bi gefen kwalta ina ƙirga taku har arba'in na kafa ta. Maigidana yana tsaye yana kallona da jak a hannu. Da na dawo ya ce, "Ka gama, Malam?" Na ce, "Na gama, Baba." Ya juya ga sabon yaron ya ce masa ya je ya saro rassan ƙaya ya jera a hanya kamar yadda aka saba, don masu tankar da ke tahowa ganye suka sani. Yaron ya jera rassan tun daga bayan alamata har zuwa motar, muka sauya tayar da hasken tocila, kuma da muka tashi tafiya ni na koma na kwashe su duka daga kan kwalta, har da duwatsun da muka tokare tayoyi da su.